Ku Bar Ta, Wari Take Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa a wata tafiyar yaƙi wani daga cikin Muhajirai ya bugi wani mutumin Madina. Wanda aka buga ya yi kira, “Ina Ansar!” ɗayan ma ya ce, “Ina Muhajirai!” Da Manzon Allah (SAW) ya ji, sai ya kira abin da kiran jahiliyya, ya ce, “Ku bar ta, wari take yi.” Ku lura da kyau, Muhajirai da Ansar mutane ne da Allah Ya yabe su a Alƙur'ani. Amma da aka ɗaga sunansu don a tara jama'a kafin a san mai gaskiya, sai kiran ya zama ƙazanta. To ina ga “mu Hausawa”, “su Fulani”, “'yan Kudancin Kaduna”?

Mutanen garin nan na Kaduna sun biya kuɗin wannan kira da tsada. Rikicin Fabrairun 2000, da na Nuwamban 2002, da na bayan zaɓen 2011 su suka mayar da kogin Kaduna iyaka. Musulmi suka tattara zuwa Tudun Wada, Rigasa da Kawo, Kiristoci suka nufi Sabon Tasha, Television da Narayi. Garin da masaƙun Kakuri suka taɓa haɗa kowace ƙabila a layin aiki ɗaya, yau akwai saurayin da ya girma bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Abin da ya sani game da su, ji ya yi. Jita-jita kuwa a irin wannan zuciyar take samun wurin zama.

Ga yadda abin yake faruwa. Mai Keke Napep ya yi sa'insa da fasinja a kan canji. Wani ya ɗauki murya ya ce “sun fara”, ya tura WhatsApp. Kafin la'asar an rufe shaguna, iyaye sun ruga makarantu, samari sun tare hanya. Wanda ake kamawa kuma matafiyi ne da bai san hawa ba bai san sauka ba, alhali Allah Ya ce wata rai ba ta ɗaukar laifin wata (An'am, 164). Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ba mu magani: a yi bincike. Kafin ka tura saƙo, ka san wanda ya fara faɗa, da ranar da abin ya faru, da ainihin layin. Ka kira mutum ɗaya da ke zaune a unguwar da aka ambata. Bidiyon da babu rana babu wuri, sau da yawa tsoho ne ko na wata ƙasa. In ba ka tabbatar ba, goge shi, kuma ka gaya wa wanda ya turo a gaban 'yan zauren WhatsApp ɗin cewa ba a tabbatar ba. Rubuta “yadda na gani haka na turo” ba ya sauke maka nauyi, domin Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Mai kula da zaure da ya yi shiru, shi ma da kamashonsa.

Sai harshe. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da laƙabi. Maƙwabcinka ya ce shi Bajju ne, ko Atyap, ko Gbagyi, kira shi da sunan da ya yarda da shi. Kalmar “arne” da ake jefa wa kowa, da kiran duk Bafulatani ɗan bindiga, yaranmu a bakinmu suke ɗauka. Abu Zarr, duk da girmansa, ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa, “Kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai.”

Inda abin ya fi ciwo shi ne tsakaninmu Musulmi, a maganar aure. Yaro ya zo da addini da sana'a da hali, sai a ce ɗan mahauta ne, ko wanzami, ko kakansa bawa ne, ko “ai musulunta ya yi”. Sahu ɗaya ake tsayawa da shi, a yi masa kabbara ranar da ya karɓi shahada, ranar neman aure a rufe masa ƙofa. Wallahi wannan abin kunya ne. Annabi (SAW) da kansa ya umarci Faɗimatu 'yar Ƙais, Baƙuraisha, ta auri Usama ɗan Zaid, wanda mahaifinsa 'yantaccen bawa ne. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke karantawa a zaurukanmu, addini ya sa a gaba wajen dacewar ma'aurata, bai sa nasaba ba. Waliyyi ya bincika sallar yaro, da abin da yake ci da shi, da abokansa, da lafiyarsa, da yadda yake da iyayensa. Idan waɗannan sun yi, me ya rage?

Wanda kuma Allah Ya ba iko, mai gidan haya ko mai ɗaukar ma'aikata ko mai raba tallafi a unguwa, ya rubuta sharuɗɗansa tun kafin ya ga sunayen masu nema, ya auna kowa da su. In sai ka ga sunan mutum sannan sharaɗi ya ƙaru, ka san daga ina ya fito. Ma'ida aya ta 8 ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci, kuma ba ta ware wanda ba Musulmi ba.

Wanda ya san ya taɓa faɗawa ciki, tubansa ba ya cika da istigfari kaɗai, domin akwai haƙƙin bawa. Ya daina, ya yi nadama, ya ƙudurta ba zai koma ba, sannan ya gyara abin da ya ɓata. Ƙaryar da ka tura a zaure, a wannan zauren za ka koma ka ce ƙarya ce. Wanda ka zaga da asalinsa a gaban mutane, a gabansu za ka wanke shi. Wanda kuma ya sayi fili ko ya riƙe kayan maƙwabcin da ya gudu lokacin rikici ba da yardarsa ba, ya neme shi ko magadansa ta hannun mai unguwa, ya mayar ko ya biya abin da suka yarda da shi.