Ku Kawo Buhun, Ku Bar Kyamarar a Gida

Wani Alhaji ne ya aiko wa rumbun abincin unguwarmu da buhu 20, da sharaɗin a tara masu karɓa a layi a ɗauke su hoto, muka ƙi. Masu cewa mun yi wa Alhaji rashin kunya, na ji, na kuma gode. Amma ko yau aka dawo da buhunan nan 20 da wancan sharaɗi, amsarmu ba za ta sauya ba. A'a.

Kun dai ga bidiyon, ba sai na sake ɗora shi ba. Da muka ƙi, yaransa suka kwashi kayan suka koma layin baya, suka kafa hotonsa mai girman ƙofar gareji, suka tara mata cikin ranar nan ta ƙarfe 2. Ku sake kallo da kyau, wajen ƙarshe, akwai wata tsohuwa da aka ture ta faɗi, ta tashi tana laluben takalminta ƙafa ɗaya, ledar shinkafar ta fashe a ƙasa. Mai ɗaukar bidiyon ko tsayawa bai yi ba, sai ma ya matso don ya kama fuskarta. Allah ya saka da alheri, an ciyar da talakawa. An kuma sa masa waƙa a ƙasa.

Rumbun abincin unguwarmu ba wani abin azo a gani ba ne. Shago ɗaya ne a bayan masallaci, da kwado, da mudu, da littafi mai baƙar bango. Mai mudun gero ya kawo, mai kwalbar manja ta aiko, wani ɗan kasuwa a Dawanau yakan sauke mana buhun masara ya ce kar a rubuta sunansa, wani kuma daga 'Yankaba yakan turo tumatir da albasar da ba za su kai gobe ba. Bayan isha'i samari biyu su ɗora a adaidaita sahu, su bi gida-gida, su yi sallama su ajiye a soro su wuce. Babu layi, babu hoto. Dokar ke nan tun ranar farko, kuma ba don Alhaji aka kafa ta ba.

Layi yana kisa, wannan ba kirari ba ne. A watan Disamba na 2024, cikin kwana huɗu kacal, yara 35 suka mutu a turmutsutsu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, 10 a Maitama cikin Abuja, duk wajen rabon kyauta. Kafin nan, a watan Maris na shekarar, an yi asarar rayuka a Bauchi wajen rabon zakka, ɗalibai mata biyu kuma suka rasu a jami'ar Keffi garin karɓar shinkafa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda mudu ya koma. Ka tara mayunwata a ƙofa ɗaya ka ce su yi haƙuri a gama saita kyamara? Haba Alhaji.

Wani ya rubuto min wai hoto yana zaburar da wasu su ma su bayar. To a ɗauki hoton buhun mana. Buhu ba shi da 'ya'ya a makaranta da za a yi wa gori gobe, ba shi da surukai a Facebook. Wani kuma ya jawo min ayar da ta ce bayyana sadaka abu ne mai kyau. Malam, ƙarasa ayar, ta ce ɓoyewar ta fi. Kuma kaɗan kafin ita an hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ka bayyana taka sadakar in kana so, talaucin wani ba naka ba ne da za ka bayyana.

Sai masu cewa ta yaya za a san ba mu muke cinyewa ba. Wannan ba na jin haushinsa sosai, don duk mun ga rumbunan tallafin korona da jama'a suka fasa a watan Oktoban 2020, abinci jibge mutane na kwana da yunwa. Zargi ya halatta. Littafin yana nan, liman da mai unguwa suna sa hannu duk Juma'a, wanda ya ba da ko da mudu ɗaya yana da ikon zuwa ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Sunayen masu karɓa ne kawai ba zai gani ba, ko da shi ya cika shagon har rufi.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne mai cewa mayunwaci ba ruwansa da kunya. Ranka ya daɗe, ba ka taɓa jin yunwa ba, azumi kawai ka yi. Akwai dattijon da ya koyar da rabin unguwar nan karatu, fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata. Wallahi ya gwammace ya kwana da ruwan randa da ya tsaya a layin da ɗalibansa ke riƙe da waya. Akwai matar da mijinta ya rasu, take ɗora tukunyar ruwa a murhu don maƙwabta su ga hayaƙi. Waɗannan layi ba ya ganinsu. Mai ƙarfin ƙirji ne ke samu a layi, ya zagayo ya sake karɓa.

Waɗanda ba su da soron da za a ajiye musu fa? Su ma ba a bar su ba. Iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina suka fake a kangwaye, da masu kwana a barandar shaguna, ba su da tukunya ballantana itace, ɗanyar shinkafa ba ta musu komai. Su dafaffe ake kai wa, wasu kuma mai shayin bakin titi ne ke riƙe da lissafinsu, su zauna a benci kamar kowa, a haɗa musu shayi da burodi, mu biya ƙarshen mako. Na kusa da su bai san wa ya biya ba.

Shi kansa bankin abincin da ake ta ambato, wanda John van Hengel ya fara a Phoenix ta Amurka a 1967, wata uwa mai tsintar abinci a bayan kantuna ce ta ba shi shawarar a yi wurin da mai rara zai ajiye, mai buƙata ya cira, kamar banki. Yaushe kuka ga an ɗauki hoton mai cirar kuɗi a banki? Mu ma iyayenmu ciyayya suke yi, kwanon tuwo ya fita da rufinsa, ya dawo a wanke, ba wanda ya ji.

Ƙofa a buɗe take, Alhaji. Ka turo direba shi kaɗai, mu yi maka addu'a har ka gaji.

Af, kafin in manta, ɓeraye sun dame mu a shagon nan, sun huda buhun wake biyu a makon jiya. Magani ba zai yiwu ba saboda abinci ne. Duk mai kyanwa mai zuciya, ba irin ta falo mai jiran kifin gwangwani ba, ya yi min magana.