Ranar da Cali Ya Shiga Jikin Ƙwayar Maleriya

Hutun babbar sallah ya same ni a ƙauyenmu da ke gefen Gumel, ga aikin kammala digiri a wuyana. Malamina ya ba ni jerin furotin na ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, ya ce in nemo inda ake sa ran maiƙo zai maƙale a jikin kowanne. Ba kwalba, ba sirinji, kwamfuta ce kawai. Shi furotin kamar carbi yake, 'ya'yansa iri 20 ne, ana ce musu amino asid, kowanne da harafinsa. Ka kwafo haruffan, ka zuba a manhaja irin GPS-Lipid, ita kuma ta nuna maka gurbin da take zargi, ta ba shi maki.

A garinmu sabis ba ya shiga ɗaki, sai gindin tsamiyar ƙofar gida. Nan na baje tabarma tun hantsi, har Kaka ta leƙo da ƙwaryar fura.

"Mai gidan, wace kishiya ce ka yi mini a cikin allon nan, ko kallona ba ka yi?"

Da na ce karatu nake, da an wuce wurin. Amma ɗan boko da son a san ya sani! Na gyara zama na ce, akwai maiƙo mai kabon 16, palmitik, sunansa ma daga manja ya samo shi, yana kama harafin C. Akwai mai kabon 14, miristik, ɗan gidan gyaɗar ƙamshi, shi sai kan carbin, inda G yake. Na ukun, mai kabon 15 ko 20, wutsiya yake nema, inda haruffa huɗun ƙarshe suka fara da C. Maiƙon nan shi ne turken da ke ɗaure furotin a tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, kamar akuya. In babu shi sai ya yi ta gantali, aikinsa bai yiwu ba. Na ƙara da cewa na'urar tana faɗa tun kafin ido ya gani.

Duk bayanin nan abu uku Kaka ta tsinta: kitse, wutsiya, da tun kafin a gani.

Ana sallame la'asar sai ga Baba Sarkin Fawa janye da wani rago balami, bayansa mata biyu da awakinsu.

"Ɗana, an ce injinka yana ganin kitse. Duba mini wannan, a Maigatari dillali ya zuga ni na saya, tun a mota raina bai kwanta ba."

Na durƙusa na gaishe shi, na ce Baba ai nawa na furotin ne. Ya ce, "To furotin ɗin ba nama ba ne? Haka likitoci ke faɗa a rediyo." Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Mutumin da ya shekara arba'in yana fiɗa, wai ni yake jira. Don in rabu lafiya na tashi na shafa gadon bayan ragon, na matsa gindin wutsiya yadda na ga ana yi a kara, na ce akwai kitse. Ragon bai ji daɗin binciken ba. Ya fizge igiya, muka bi shi har bayan masallaci, na baro silifas ɗaya a cikin ƙaya.

Da na dawo, ƙanena Bala, ɗan aji biyu da muke kira Cali saboda barkwancinsa, yana zaune kusa da kwamfutar kamar na Allah. Ina haki na danna, sakamako ya fito. Sai ga gurbin maiƙo a wutsiyar wani furotin, maki har sama, alhali duk abin da na karanta a kansa babu mai maganar haka. Gabana ya faɗi don murna. Na san masana na farautar irin waɗannan wurare, domin in aka hana ƙwayar cuta ɗaura turkenta an karya ta. Daren nan na tura wa Malam ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, ina jin mun gano sabon abu." Na kwanta ina zaɓen rigar da zan sa a hoton jarida.

Da asuba amsa ta zo, layi ɗaya: "Karanta haruffa huɗun ƙarshe da ƙarfi."

Na karanta. C, A, L, I.

Abin haushin, yaron bai kuskure ƙa'ida ba ko kaɗan. C a farko, sai A da L, daidai irin waɗanda ake so su biyo baya. Da B, A, L, A ya rubuta, da manhajar ko kallonsa ba ta yi ba. Na kamo shi ina tambaya, ya ce ya ga kowa ya rubuta sunansa a layi, shi ne ya sa nasa a ƙarshe.

Ranar sallah aka yanka ragon, ko kitsen shafa kasko ba a samu ba. Baba Sarkin Fawa bai ce mini komai ba, sai ya aiko yaro da ƙafa ɗaya da saƙon a kai injin gyara. Kaka kuwa ta ce in ba ta takardarta, ta koma wurin Cali.