Bawon koko da garin katako: daga ina ya kamata a fara?

Duk wanda ya bi ta Sokoban a nan Kumasi ya san tulin garin katakon da ake zubarwa, wani lokaci har a banka masa wuta. A gonakin koko kuwa, da an fasa an kwashe 'ya'yan, bawon da ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na nauyin kwanson sai a bar shi ya ruɓe, cutar da ke baƙanta koko ta samu wurin zama. Ga shi Ghana na cikin manyan ƙasashen duniya a noman koko.

Masu bincike a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, da wasu jami'o'i suna ƙoƙarin mai da irin wannan shara ta zama itanol, wato barasar da ake amfani da ita a matsayin man mota. Akwai sukari ƙulle a cikin selulos, wato zaren da ke jikin tsiro, amma wani abu mai tauri, lignin, ya lulluɓe shi. Sai an dafa da asid ko wani sinadari mai kaifi an kwance shi, a zuba enzayim, wani sinadari da halittu ke samarwa, ya farfasa selulos ya koma sukari, sannan yis ya mai da shi itanol. Kowane mataki kuɗi yake ci. Brazil da ake yawan kawo mana misalinta tun 1975 ta fara, kuma da ruwan rake, wanda sukarinsa a fili yake.

Ni dai gani nake an yi gaggawar hangen tankin mota. Mun ga yadda ta kaya da cini-da-zugu wajen 2008: kamfanonin waje suka karɓi filaye a arewa da sunan man biodizal, wato dizal da ake yi daga man tsiro, shukar ba ta yi abin da aka zata ba, da yawansu suka tattara nasu ya nasu.

Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙona bawon koko, su tace tokar su yi sabulun salo. Cibiyar binciken koko ta Tafo, wadda aka kafa a 1938, ita ma tana yin sabulu da abincin dabbobi daga bawon. Garin katako kuma ana matse shi ya zama gawayi, kuma maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba za su kasa ƙera injin matsewar ba. Mai sayar da wake da shinkafa a Aboabo za ta saya gobe-gobe in bai fi gawayin Kintampo tsada ba.

Ɗan'uwa ɗalibi, kafin ka shiga ɗakin gwaji ka lissafa mana kuɗin ɗauko ɗanyen bawo, wanda galibinsa ruwa ne, daga ƙauye zuwa masana'anta da damina.