Mataccen kuɗi: abin da sallamar ɗan wasa ke ci wa kulob a gasar NFL

Jama'a, duk watan Maris, da an buɗe sabuwar shekarar gasar NFL ta Amurka, wato ƙwallon nan da ake runguma a ruga da ita, ba tamaula ba, sai labarai su yi ta fitowa cewa kulob kaza ya sallami wane. Nan take masu kallo su rabu biyu. Wasu su ce an huta, kuɗi sun dawo aljihu. Wasu su ce an tafka asarar miliyoyi. Sau da yawa duka ɓangarorin ba su duba lissafin ba. Ra'ayina shi ne, ba ranar sallama ake yanke farashin sallama ba, tun ranar da aka sa hannu a kwantiragi aka yanke shi. Tun ran gini tun ran zane. Kulob ɗin da ya ci gaba da riƙe ɗan wasan da ya daina amfani don tsoron wannan farashi, asara biyu yake tara wa kansa.

Kulob 32 ne a gasar, kuma kowanne yana da iyakar albashin da ba zai wuce ba a shekara. Da aka fara tsarin a 1994, iyakar ba ta kai dala miliyan 35 ba. A 2024 ta kai miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Masu bin tamaular Turai sun ga makamancin haka a 2021, lokacin da ƙa'idar La Liga ta hana Barcelona sabunta wa Messi kwantiragi. Sai dai a NFL iyakar ɗaya ce ga kowa, mai kuɗi da marar kuɗi, kuma ba a biyan wata tara a tsallake ta.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne, kuɗin da ke fita daga asusun kulob daban, abin da ake rubuta wa kulob a littafin gasar daban. Albashin shekara ana rubuta shi a shekararsa. Kuɗin sa hannu kuwa, ɗan wasa yana karɓarsa tun farko, amma a littafi ana raba shi daidai wa daida a kan shekarun kwantiragin, iyakarsa shekara biyar. Kamar wanda ya biya hayar shago ta shekara biyar gaba ɗaya ne, yana cire kason kowace shekara a lissafinsa. In ya tashi bayan shekara biyu, mai shago ba zai mayar masa da ko sisi ba, dole ya rubuta ragowar ukun a matsayin asara. Wannan ragowar, haɗe da duk albashin da aka yi wa garanti, su ake kira mataccen kuɗi: yana cin gurbi a littafi alhali mai shi ba ya buga maka wasa.

Mu buga misali da lambobi masu sauƙi. An ba ɗan wasa kwantiragin shekara biyar, kuɗin sa hannu dala miliyan 50, wato miliyan 10 kowace shekara a littafi. Ya buga shekara biyu. Albashinsa na shekara ta uku miliyan 20 ne, babu garanti. In aka bar shi, nauyinsa a littafin bana miliyan 30 ne. In aka sallame shi a watan Maris, albashin 20 ya faɗi, amma ragowar kuɗin sa hannu na shekara uku, miliyan 30, ya taso ya faɗa kan bana gaba ɗaya. Talatin a barshi, talatin a sallame shi. Mai duba littafin bana kaɗai zai ce babu riba. Ya manta cewa mai kulob ya tsira da tsabar kuɗi miliyan 20, kuma shekara ta huɗu da ta biyar sun fita fes, babu sunan mutumin a ciki. Idan kuwa miliyan 8 daga albashin na da garanti, sallamar ta koma miliyan 38, ta fi riƙe shi tsada a bana. Daga nan ne ake jin ana cewa wane ba ya sallamuwa.

Akwai ƙofar sauƙi guda, ita ce ranar 1 ga Yuni. Wanda aka sallama bayan wannan rana, kason bana kaɗai ake rubutawa a bana, ragowar ta tafi baɗi. A misalinmu, miliyan 10 bana, miliyan 20 baɗi. Dokar ta kuma ba kowane kulob damar sallamar mutum biyu tun a Maris amma a lissafa su kamar bayan 1 ga Yuni aka yi, don ɗan wasan ya samu ya nemi wani wuri da wuri. Tarkon da ke ciki shi ne, sararin da aka samu ba ya buɗewa sai 2 ga Yuni, alhali kasuwar 'yan wasa tun tsakiyar Maris take ci, kafin Yuni an kwashe na kirki. Don haka wannan sarari ya fi amfani wajen biyan sababbin yaran da aka zaɓo daga jami'o'i da cike gurbin waɗanda suka ji rauni. Jimillar kuɗin kuma ba ta ragu da ko dala ɗaya ba, jinkirta ta kawai aka yi. Ɗan amfanin jinkirin shi ne iyakar kan ƙaru kusan kowace shekara, sai nauyin ya ɗan yi sauƙi. Amma a 2021, bayan korona, iyakar ta sauko daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, kuma waɗanda suka tura bashi gaba sun ji a jikinsu.

Babu labarin da ya fi na Russell Wilson da Denver Broncos fito da wannan al'amari fili. A Maris 2022 Denver ta ɗauko shi daga Seattle, ta ba da damarta ta zaɓar sababbin yara daga jami'o'i, biyu a zagayen farko, biyu a zagaye na biyu, da 'yan wasa uku. Yana da sauran shekara biyu a tsohon kwantiraginsa. Tun bai buga musu wasan gasa ko ɗaya ba, suka ƙara masa shekara biyar a kan kimanin dala miliyan 245, da cikakken garantin miliyan 124. A nan aka yi ɓarnar, ba a ranar sallama ba. Babu abin da ya tilasta musu gaggawa, suna iya jira su ga kamun ludayinsa na kaka guda. Kakar 2022 suka ci wasa 5 suka faɗi 12, ta 2023 suka ci 8 suka faɗi 9.

Ku lura da abin da ya faru a ƙarshen 2023. Akwai miliyan 37 na albashin 2025 da garantinsa na rauni ne kawai, amma zai zama cikakke idan Wilson yana kulob ɗin har tsakiyar Maris 2024. Da ya ji mummunan rauni a wasannin ƙarshe, da kuɗin sun hau kansu ko sun so ko sun ƙi. Aka ajiye shi a benci wasanni biyu na ƙarshe, aka sallame shi a Maris kafin ranar ta cika. Mataccen kuɗin ya kama miliyan 85, adadin da ba a taɓa ganin irinsa ba a lokacin: 53 a 2024, 32 a 2025. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na iyakar 2024 ke nan ya tafi kan mutumin da ya riga ya koma kulob ɗin Pittsburgh. Can kuma mafi ƙarancin albashi ya karɓa, miliyan 1.21, saboda duk abin da sabon kulob ya biya shi cire shi ake yi daga miliyan 39 da ya zama dole Denver ta biya shi a shekarar. Me zai sa ya ɗora wa sabon gidansa nauyi don ya rage wa tsohon?

Ni a ganina sallamar daidai ce, duk da ɗacinta. Yawancin miliyan 85 ɗin nan kuɗi ne da ko an riga an biya ko an riga an yi alkawari, riƙe shi ba zai dawo da su ba, sai ma ya ƙara wasu 37 a kai. Denver ta zaɓo matashi Bo Nix ya maye gurbinsa a 2024 a kan albashin sabon shiga, ta ci wasa 10, ta shiga wasannin fitar da gwani karon farko tun kakar 2015. Ba kowa ke dace da yaro irin wannan ba, gaskiya ne. Amma ko da bai yi kyau ba, lissafin sallamar bai canza ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dabarar da ake yi wa kwantiragi kwaskwarima, a mayar da albashi ya zama kuɗin sa hannu. Ku koma misalinmu. A ɗauki miliyan 18 daga albashin 20, a biya shi yanzu, a raba a shekara uku, shida shida. Bana an samu sararin miliyan 12, magoya baya na ta murna. Amma in aka so sallamarsa baɗi, mataccen kuɗin da zai kasance 20 ya zama 32. Kowace kwaskwarima ƙara ɗaure kulob take da ɗan wasan da shekarunsa ke ja. Har da shekarun bogi ake liƙa wa kwantiragi, waɗanda kowa ya san ba za a buga su ba, don dai a samu wurin baza kuɗin. Da Tom Brady ya yi ritaya, Tampa Bay ta ɗauki kimanin miliyan 35 a 2023 ta wannan hanya. Su aƙalla sun ɗaga kofi da shi, ana iya cewa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Cleveland kuwa ta ba Deshaun Watson miliyan 230 da cikakken garanti a 2022, ta kuma yi ta yi wa kwantiragin kwaskwarima, har ta toshe wa kanta ƙofar fita na shekaru.

Sayar da ɗan wasa ga wani kulob na rage zafi, domin albashin da ke da garanti yana bin sa can, amma ragowar kuɗin sa hannu na nan kan tsohon kulob. Atlanta ta ɗauki miliyan 40.5 da ta tura Matt Ryan Indianapolis a 2022. A 2017 Houston har zaɓin zagaye na biyu ta ɗora a kan Brock Osweiler don Cleveland ta yarda ta karɓi albashinsa na miliyan 16.

Duk wannan magana ta manya ce. Yawancin waɗanda ake sallama ba su da mataccen kuɗin da ya taka kara ya karya, shi ya sa ba a jin labarinsu. Kulob na shiga atisaye da mutum 90, a ƙarshen Agusta a zaftare su zuwa 53, ɗaruruwa su rasa aiki cikin kwana ɗaya ko biyu. Tsohon hannu mai kaka huɗu zuwa sama yana da kariya guda: in yana cikin jerin a wasan farko na kaka, sannan aka sallame shi, yana iya neman ragowar albashin shekarar, sau ɗaya a tsawon rayuwar wasansa. Kulob-kulob sun san da haka sarai. Shi ya sa wani lokaci ake sallamar irin wannan mutum gab da wasan farko, a dawo da shi mako na biyu, lokacin da cikakken garantin ya riga ya wuce shi. Doka ba ta hana ba, amma ni ban ga adalci a ciki ba, kuma ya kamata ƙungiyar 'yan wasa ta sa shi a gaba idan aka zauna sabunta yarjejeniyar da za ta ƙare bayan kakar 2030.