Ƙannena Masu Karatun Kwamfuta, Kada React Ta Raba Ku da Aji

Wata ɗabi'a ta fara yawa a cikinku. Da yaro ya kai aji biyu a jami'a, ya kalli 'yan bidiyoyi a YouTube, ya haɗa shafin intanet mai maɓallai masu walƙiya, shi ke nan sai ya fara ganin lacca ɓata lokaci ce. Darasin rumbun bayanai? Wai tsohon yayi. Shi React yake koyo, wato kayan aikin gina fuskar shafin intanet.

Ban hana ku ba, ku koye ta, da ita ake cin abinci yanzu. Amma fa sai 2013 Facebook ta fito da ita. Kafin nan wani kayan aikin, jQuery, ake yayi. Flash kuwa, ta saka bidiyo da wasanni a shafi, an yi lokacin da duk wanda ya iya ta yake jin babu kamarsa, ga shi Adobe ta yi mata sallama a ƙarshen 2020. HTTP da HTML, ƙa'idojin aikawa da rubuta shafin intanet, da Tim Berners-Lee ya assasa a cibiyar bincike ta CERN wajen 1990 suna nan daram. SQL ma, harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, tun shekarun 1970 aka haife ta a IBM, har gobe bankuna na dogaro da ita. Waɗannan ne malaminka yake ta fama a kansu kana latsa waya a bencin baya.

Bari in nuna maka inda gudun aji yake kunyata mutum. Ka gina fom ɗin rajista, Musa ya cike lafiya, Aisha ma haka. Sai Sa'adatu ta rubuta sunanta, shafi ya tsaya cak. Me ya faru? Ka manna abin da ta rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, 'yar alamar nan da ke tsakiyar sunanta ta yanke maka zance. Abin tsoron ma, ta wannan ƙofar ɓarawo yake cusa nasa umarnin ya kwashe bayanan jama'a. Maganin kuwa ba wuya: ka aika umarni daban, bayanan mai rajista daban. Haka in ba ka saita rumbunka a kan UTF-8 ba, wato tsarin adana haruffa da ya ƙunshi irin namu masu ƙugiya, sai ka tarar Ɗanladi da Ƙasimu sun koma alamar tambaya. Wanda ya yi bidiyon da kake kwaikwayo bai san da zaman waɗannan haruffa ba, balle ya gargaɗe ka.

Masu sayen aikin kammala digiri a bakin makaranta kuwa, Allah ya shirye ku; ranar ganawar neman aiki ba a shiga da wanda ya rubuta maka.

Kafin ka tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ka zaɓi abu ɗaya ƙarami na gaske, ko da rajistar ɗaliban islamiyyar unguwarku ce. Ka zana teburan bayanan a takarda tukuna, ka adana aikin da Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk gyaran da ka yi, kada ka ajiye kalmar sirrin kowa a fili. In ka gama, ka ari ƙaramar waya mai araha, ka je inda sabis yake wahala, ka buɗe shafin ka ga ko zai tashi.