Katin kariya ya zama ganuwa mai ƙofa

Ƙanina ya shafe kusan wata biyu yana yanka kwalin taliya yana zana wasan kati nasa na kansa, mai jiragen sararin samaniya da mutum-mutumi da yaƙi tsakanin duniyoyi. A cikin katunan akwai wanda ya fi ji da shi. Ya raɗa masa suna Garkuwar Rana, ya rubuta a ƙasansa da jan biro: "Duk harin da aka kawo ya mutu." Daren da muka gwada wasan, shi ya fara jawo katin. Ya ajiye shi gabansa ya harɗe hannu, ni kuwa na zauna ina jujjuya katuna bakwai da babu wanda zai tsinana mini komai. Hannu uku muka buga, duk wanda ya riga samun katin shi ke ci. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, ai aikin garkuwa ke nan, ta tare."

A fagen daga gaskiyarsa ce. A kan tabarmar wasa kuwa ban yarda ba, domin mutum biyu suka zauna, kuma duk katin da ya mayar da ɗayansu ɗan kallo ya kashe wasan. Katin kariya mai kyau yana barin hanya, sai dai ya tsauwala kuɗinta, har abokin karawa ya tsaya yana lissafin ko shigar za ta biya shi.

Ban san wasan da ya fahimci wannan kamar Netrunner ba. Richard Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Wizards of the Coast na Amurka ya fitar da shi a 1996, sannan Fantasy Flight Games ya sabunta shi a 2012 da sunan Android: Netrunner. Ɗan wasa ɗaya babban kamfani ne mai ɓoye manufofinsa a rumbunan kwamfuta, ɗayan ɗan kutse ne mai neman sace su, wanda ya fara tara maki 7 daga manufofin ya ci. Katunan da kamfani ke jerawa a bakin rumbunansa ana ce musu ICE, kuma a kife ake ajiye su. Sai ɗan kutse ya tunkaro kati sannan kamfani zai yanke shawarar biyan kuɗi ya buɗe shi, ko ya ƙyale shi ya wuce. Tun kafin a ga fuskar katin ya fara aiki, domin ɗan kutse yana kallon kuɗin da ke gaban kamfani yana tambayar kansa: wannan na kife, katanga ce ko tarko?

Dubi katin ICE mai suna Wall of Static, katanga ce tsurarta. Kamfani zai biya sule 3 na kuɗin wasa ya buɗe ta, ƙarfinta 3, aikinta ta kori mai kutse. A farkon wasa babu mai wuce ta. Amma da zarar ɗan kutse ya samo manhajar fasa katanga irin Corroder, sule 2 kacal zai riƙa biya duk shiga. Lokaci ta saya wa mai ita, daga baya ta koma kuɗin fito.

Tollbooth ya fi fito da manufar fili. Buɗe shi sule 8 ne, kuɗi mai yawa a wasan da kowa ke farawa da 5. Duk wanda ya iso gare shi sai ya ajiye sule 3 tun kafin a yi maganar fasawa, in babu ya juya. Mai riƙe da manhajar fasawa ta Gordian Blade zai ƙara 3 don ya kamo ƙarfin Tollbooth, da 1 don ya karya shi: sule 7 a shiga ɗaya. Zai iya shiga, ba a hana shi ba. To amma in ya shiga ya tarar da katin banza a rumbun, ya fito aljihu wayam, kamfani kuma ya samu sararin cusa manufarsa ta gaske a zagaye na gaba.

Wanda na fi so shi ne Data Raven, saboda zaɓi yake miƙa wa ɗan kutse: ko ya koma, ko ya wuce da alama a jikinsa. Goge alamar na cin sule 2 da motsi ɗaya cikin huɗun da yake da su, in kuma ya bar ta, kamfani na iya aiko masa da katin hari mai suna Scorched Earth ya zubar masa da katuna 4, in hannunsa bai kai haka ba wasa ya ƙare. Da kansa yake zaɓar abin da zai same shi, shi ya sa ko ya faɗi ba ya jin an zalunce shi.

Akwai hujja a ɗaya ɓangaren, ba na raina ta. In kowace kariya tana yoyo, mai tsaro zai ji aikin banza yake yi, kowa ya koma kai hari, wasan ya zama tsere. Mai son ya gina, ya yi haƙuri, ya ci a ƙarshe, shi ma yana da haƙƙi a wurin mai zana kati. Sai dai abin da yake bukata shi ne kariyarsa ta ciji mai shiga, ta rage masa kuɗi ko kati ko lokaci. Ganuwar Kano da duk kaurinta ƙofofi gare ta, kowace da sarkin ƙofa, kuma a nan ne ake sanin wa ya shiga da abin da ya ɗauko.

Ƙanina ya yi kwana biyu yana fushi, sannan ya sake yanko kwali. Sabuwar Garkuwar Rana a kife ake ajiye ta, buɗe ta na cin makamashi 4, tana shanye hari ɗaya a kowane zagaye, kuma mai hari na iya ratsa ta in ya yarda ya jefar da katuna 2 daga hannunsa. A hannun farko da muka buga na kai minti guda ina kallon katin a kife, ina ƙirga makamashin da ke gabansa. Na kai harin, ya buɗe, na jefar da katuna biyun na wuce, sai ga shi jirgin da nake bukata a zagaye na gaba yana cikin waɗanda na jefar.