A fito da sanarwar bita inda masu harshen za su gan ta

'Yan uwa masu rubutu da Hausa a waya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ɗin nan da muke latsawa kullum, kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato tsarin duniya da ke ba kowane harafi lamba don waya da kwamfuta su gane shi. Ƙungiyar da ke kula da tsarin an kafa ta ne a Amurka a 1991. Kwamitinta na fasaha yana zama sau huɗu a shekara, kuma kafin a fitar da sabon bugu, wanda a 'yan shekarun nan yakan fito a watan Satumba, ana buɗe wa jama'a ƙofa su duba daftarin su faɗi ra'ayinsu. Kowa zai iya tura gyara, ba sai ɗan ƙungiya ba. Wannan tsari ne mai kyau, kuma ina yaba masa.

Abin da ke damuna shi ne wanda zai san an buɗe ƙofar. Sanarwar tana fitowa da Turanci, da lamba da take irin na masana, a wurin da sai wanda ya riga ya saba da harkar ne ke leƙawa. Mutumin da ya fi kowa sanin ko an yi daidai, shi ne kusan ba zai taɓa ganinta ba.

Ku ɗauki ajami. A 2016 aka ƙara haruffa uku na rubutun Warshu irin namu na Afirka: fa, ƙaf da nun. Duk wanda ya yi karatun allo ya san fa ɗinmu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, saɓanin yadda ake rubuta su a gabas. Alaramman da ya shekara yana rubuta Alƙur'ani da tawada da alƙalamin kara, da ka nuna masa hoton harafin zai gaya maka ko ya zauna daidai, ko ɗigon ya kauce. Ilimin yana hannunsa, amma babu hanyar da sanarwar za ta same shi.

Ga kuma abin da ya sa lamarin ya fi ƙarfin wasa: dokar Unicode ce cewa harafin da ya shiga ba a cire shi, sunansa ma ba a canzawa. Akwai harafin da aka yi kuskuren rubuta sunansa, kuma har yau haka sunan yake, sai dai a lanƙaya masa wani na gyara a gefe. Lokacin bita ne kaɗai damar kama irin wannan cikin sauƙi.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kowace sanarwa ta faɗi harsunan da ta shafa tun a layin farko, da ranar rufewa a fili, da hoton harafin da ake magana a kai. A ba mutum damar cewa a sanar da shi kawai idan abu ya taɓa Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Mai shela ranar kasuwa yakan tsaya ne inda mutane suka cunkushe.

Mu ma akwai namu aikin. Sassan nazarin harsuna a Bayero da Ahmadu Bello da Danfodiyo, da masu gyara Wikipedia ta Hausa, za su iya ware mutum ɗaya ya riƙa bibiyar waɗannan sanarwoyi, ya fassara wadda ta shafe mu a layi biyar, ya saka hoton, ya tura wa malaman zaure ta WhatsApp tun da sauran makonni kafin ranar rufewa.